Yoyon Fitsari Bayan Tiyatar Furostet: Nazarin Lamarin Wani Dattijo

Mutumin da yadda aka gano ciwon

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 61 ne, malamin sakandare mai ritaya, mazaunin wani gari a jihar Kano. An sakaya sunansa da garinsa da asibitocin da ya je. Yana da ciwon suga, ya shekara takwas yana shan metformin. Nauyinsa kilo 88, tsayinsa mita 1.70. Ba ya shan taba, amma goro ba ya barin bakinsa, shayi kuma kofi uku ko huɗu a rana. Shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarsu, kuma da yake liman ya manyanta, yawancin sallolin Asuba da Isha'i shi yake ja.

Ba kukan fitsari ne ya kai shi asibiti ba. Yayansa ya rasu shekara biyu kafin nan da kansar furostet, wadda ba a gano ba sai da ta kai ƙashin baya. Babban ɗansa ne ya matsa masa ya yi gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda yakan hau in akwai kansa. Sakamakon farko ya nuna 9.2, alhali daga 4 zuwa sama likitoci suke fara bincike. An maimaita bayan mako shida, aka samu 9.8.

Furostet wata 'yar ƙwaya ce mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. Kansarta ita ce ta fi kowace kansa kama maza a Najeriya, kuma mafi yawansu ba sa zuwa sai ciwon ya bazu, lokacin da maganar cirewa ta riga ta wuce. Shi wannan dattijo ya zo da wuri.

Hoton MRI ya nuna tabo mai faɗin milimita 14 a gefen dama, ya jingina da fatar da ta lulluɓe furostet ɗin. Gefen hagu babu komai. Da aka gutsuro nama daga wuri 12, huɗu sun nuna kansa, dukkansu a dama, a mataki na 3+4 bisa ma'aunin Gleason, wato matsakaiciya. Ba a ga alamar ta fita zuwa ƙashi ko wani wuri ba. A jikin takardar MRI ɗin akwai wani awo da babu wanda ya kula da shi a lokacin: tsawon bututun fitsarin da ke ƙasa da furostet, milimita 13.

Zaɓin da aka ba shi

Likitan mafitsara ya shimfiɗa masa hanya uku: a sa ido ana gwaji lokaci-lokaci, ko a gasa wurin da na'ura, ko a cire furostet ɗin gaba ɗaya. Babban binciken ProtecT na Birtaniya ya bi maza 1,643 da aka rarraba a waɗannan hanyoyi uku, kuma bayan shekara 15 waɗanda kansar ta kashe kusan 3 ne cikin 100 a kowane rukuni. Bambancin yana wajen wahalar da kowace hanya ke bari. A rukunin tiyata, 46 cikin 100 suna sa ƙunzugu saboda yoyon fitsari a wata na shida, a shekara ta shida kuma 17 cikin 100.

Bai yarda da zaman jira ba, saboda abin da ya gani a jikin yayansa. Gashin na'ura kuma yana buƙatar zuwa asibiti kusan kullum na makonni, ga na'urorin ba su da yawa a ƙasar, ga yawan lalacewa. Ya zaɓi tiyata. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗi, aka sayar da fili guda, aka nufi wani asibiti a Indiya inda ake aikin da na'urar da likita ke sarrafawa daga mazauninsa.

Aikin da aka tsara masa shi ne mai barin jijiyoyi. A gefe biyu na furostet, dama da hagu, akwai damin siraran jijiyoyin saƙo da na jini da suka manne da fatarta, su ne ke sa gaba ta miƙe. Kafin 1982 ana yanke su ba tare da an san suna wurin ba, shi ya sa kusan duk wanda aka yi wa aikin yakan rasa ƙarfin mazakuta. Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins a Amurka da Pieter Donker na Leiden a Holan su suka bi sawun jijiyoyin a 1981, kuma ranar 26 ga Afrilu 1982 Walsh ya yi aikin farko da aka bar su da gangan. Don mazakuta aka ƙirƙiro dabarar. Daga baya ne likitoci suka lura cewa waɗanda aka bar wa jijiyoyin suna saurin riƙe fitsari.

Riƙe fitsari kuwa aikin zoben tsoka biyu ne. Na sama yana wuyan mafitsara, yana aiki ba da sanin mutum ba. Na ƙasa yana kewaye da bututun fitsari daidai ƙarƙashin ƙarshen furostet, kuma wani sashe nasa mutum na iya matse shi da niyya. In an cire furostet, na sama ya tashi daga aiki ko ya yi rauni sosai, nauyin duka ya koma kan na ƙasa. Babbar jijiyar da ke ba na ƙasa umarni daga ƙasan ƙugu take zuwa, ba ta cikin damin da ake magana a kai. Sai dai wasu rassa daga damin suna isa zoben, kuma naman da ke riƙe da damin yana tallafe da bututun.

Likitan da zai yi aikin ya ce zai bar damin hagu gaba ɗaya, na dama kuwa sai abin da ya gani, domin tabon ya matso fata a can. Da Turanci aka yi maganar, ɗan ya fassara. Abin da ya zauna a kan dattijon shi ne: "An ce za a bar jijiya, ba za a samu matsalar fitsari ba." Ba a koya masa motsa tsokokin ƙasan ƙugu kafin aiki ba, saboda kwana huɗu ne kawai tsakanin saukarsu da shiga ɗakin tiyata.

Tiyata, farkon Nuwamba

Aikin ya ɗauki awa uku da rabi, ba a ƙara masa jini ba. A hagu an ɓare damin daga jikin furostet ba tare da amfani da wuta ba, aka ɗaure ƙananan jijiyoyin jini da 'yan maƙalai, domin zafin na'urar ƙona jini yana lahanta jijiyar saƙo ko da ba a yanke ta ba. A dama likitan ya tarar naman ya manne, sai ya yanke da faɗi, ya tafi da mafi yawan damin. Rahoton aikin ya ce an raba ƙarshen furostet da zoben ƙasa a tsanake, an bar bututun da tsawonsa iyakar abin da zai yiwu, sannan aka ɗinke shi da wuyan mafitsara a kan robar fitsari.

Sakamakon ɗakin gwaji ya fito bayan mako guda. Furostet ɗin giram 48 ce. Kansar tana nan a 3+4, amma a dama ta huda fata ta shiga kitsen da ke kewaye, wato matakin da ake kira pT3a. Bakin yankan duka ya fita da tsabta, babu kansa a jikinsa. Kaluluwar da aka cire ma babu komai.

An sallame shi a kwana na uku da roba a jikinsa. A kwana na 10 aka cire ta.

Daga cire roba zuwa mako na 6

Yana miƙewa daga gadon da aka cire robar fitsari ya zubo har ƙafa. Ma'aikaciyar jinya ta ce haka ake yi, ta ba shi famfas ɗin manya da takarda mai shafi guda da ke bayanin atisayen Kegel, wanda likitan mata Arnold Kegel ya fito da shi a 1948. Bayanin bai wuce a matse kamar mai riƙe tusa ba, sau goma, sau uku a rana. Bayan kwana biyar suka hau jirgi.

A makonnin farko a gida yana canza famfas shida a yini. In yana kwance ba ya zuba, kuma da dare fitsari yakan taru har ya tashe shi ya je bayi. Wannan alama ce mai kyau, domin tana nuna zoben na iya riƙewa in babu matsi daga ciki, amma babu wanda ya gaya masa haka. Abin da ya sani shi ne da ya tashi tsaye, ko ya yi tari, ko ya ɗago daga sujada, sai ya ji ɗumi.

A mako na 6 PSA ya sauka ƙasa da 0.1, wato ba a ganin sa. 'Ya'ya suka yi murna, aka yi sadaka. Shi kuwa ya daina zuwa masallaci. Ya aika wa liman cewa jiki bai yi ƙwari ba. A ɗaki yake salla, yana sake alwala da wanke jiki ga kowace salla, wani lokaci ya yanke salla a raka'a ta biyu ya koma bayi ya faro daga farko. Matarsa ta ce akwai ranar da sallar Azahar ta kai shi har kiran La'asar.

Wata na 2 da na 3: abin da aka gwada bai yi ba

Abu na farko da ya yi da kansa shi ne rage shan ruwa. Ya koma kofi uku a yini, ban da shayi. Fitsarin ya yi ja ya yi kauri, yana zafi, yana kuma zuwa da gaggawar da ba ya iya jira. Bayan gida ya bushe, yunƙurin da yake yi a bayi ya ƙara wa zoben wahala. Yawan famfas bai ragu ba.

Na biyu, wani abokinsa ya ce ai sanyi ne. Aka sayo masa ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta a kemis, ya sha zubi biyu ba tare da an gwada fitsarin ba, ya bi da jiƙon sassaƙe da ake sha da safe. Zafin fitsari ya ɗan lafa na 'yan kwanaki, yoyo yana nan.

Na uku, wani likita a asibitin kuɗi ya rubuta masa oxybutynin. Maganin yana kwantar da mafitsarar da ke matsawa ba lokaci ba, kuma ya ɗan rage masa gaggawar. Amma ba ya ƙara wa zoben ƙasa ƙarfi, don haka zubar da ke zuwa da tari da miƙewa ba ta canza ba. Ya bushe masa baki, ya ƙara taurin bayan gida. Ya bari bayan mako uku.

Na huɗu shi ne atisayen takardar nan, kuma a nan ya fi ba da ƙarfi. Da ya ga sau 30 bai yi ba, sai ya mai da shi sau 200 a rana. Yana matse dubura da ɗuwawu, ya riƙe numfashi, ya ɗaure ciki. Ɗaure ciki kuwa matsa mafitsara yake daga sama, wato yana tura fitsarin da yake so ya tsayar. Kafin La'asar tsokokin sun gaji, shi ya sa yammacinsa ya fi safiyarsa jiƙewa.

Ana cikin haka hunturu ya kankama. Ƙura ta sa shi tari na kusan mako uku a watan Janairu, famfas ya koma bakwai. Fatar matsematsinsa ta saɓule. Ya daina zaman majalisa a ƙofar gida, yana tsoron a ji zarni a jikinsa. Ya ce wa ɗansa: "Da na san haka ne, da na bar abina na tafi da shi." Ɗan ya rubuta wa asibitin da aka yi aikin, aka amsa da cewa a ci gaba da atisaye, a yi haƙuri zuwa shekara.

Wata na 4: awo da sake lale

A ƙarshen Fabrairu aka kai shi wurin likitan mafitsara a wani asibitin koyarwa. Kafin ya rubuta komai, likitan ya nemi abu huɗu.

Gwajin fitsari ya nuna ƙwayar cuta wadda maganin kemis ɗin ba ya kashewa, aka ba shi wanda ya dace na kwana bakwai. Sikanin bayan fitsari ya nuna saura mililita 20 kacal a mafitsara, ƙarfin fitar fitsarin kuma daidai, wato wurin ɗinkin bai tsuke ba. Wannan yana da muhimmanci, domin tsukewar ɗinki takan sa mafitsara ta cika ta riƙa tumbatsa, a ɗauka raunin zobe ne. Gwajin suga na wata uku, HbA1c, ya nuna 8.6, sama da yadda ake so, suga mai yawa kuwa yana ƙara yawan fitsari. Na huɗu, aka ce ya sayi ƙaramin sikeli na lantarki, ya auna kowane famfas kafin ya sa da bayan ya cire, na awa 24, kwana uku a jere. Giram ɗaya daidai yake da mililita ɗaya. Matsakaicin ya kama giram 310 a yini. A rabon da likitoci suka saba yi, ƙasa da 100 kaɗan ne, 100 zuwa 400 matsakaici, sama da 400 mai tsanani. Ƙirga famfas bai nuna wannan ba, domin shi da ya ji ɗigo yake canzawa saboda tsarki.

Likitan ya ɗauko hoton MRI da rahoton tiyata ya zana masa a takarda. Ya ce: "Baba, jijiya ɗaya aka bar maka, ba biyu ba, kuma da an bar ta daman, da an bar maka kansa a ciki. Wadda aka bari ma an ja ta an taɓa ta, sai ta yi watanni kafin ta farfaɗo." A ranar ne dattijon ya fara jin cewa an yanke damin dama.

Aka ƙara masa maganin suga. Aka ce ya koma shan ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a rarrabe, ya tsaya awa biyu kafin barci. Shayi kofi ɗaya, goro a ajiye, saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana tsokanar mafitsara. Kuka da kuɓewa da zogale su yawaita a abinci don bayan gida ya yi laushi. Sannan aka tura shi sashen fisiyo, inda ake gyaran jiki da atisaye.

Likitan fisiyo ya ɗora na'urar sikanin a tsakanin maraina da dubura, ya ce ya matse yadda ya saba. A allon aka ga dubura na motsi, mafitsara na gangarowa ƙasa, bututun fitsari bai rufe ba. Sai ya canza masa umarni: ya saki ciki da ɗuwawu, ya ci gaba da numfashi, ya yi kamar zai janye gabansa ciki ya ɗage marainansa sama. Masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya sun nuna cewa irin wannan umarni ya fi kai wa ga zoben fitsari fiye da na matse dubura. A gwaji na biyar ko na shida aka ga bututun ya matsu a allo. Aka rage atisayen zuwa zubi uku a rana, kowane zubi matsewa goma masu tsawo da goma masu sauri, a tsaye, ba a kwance ba. Aka kuma koya masa ya matse kafin abin da ke sa zuba: kafin tari, kafin tashi daga kujera, kafin ɗagowa daga sujada.

Maganar tsarki ɗan ne ya kai wa wani malamin fiƙihu. Amsar tana cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa: yoyon da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, abin da yake zuba kullum a jiki da tufa an yi rangwame a kansa, sai dai an karhanta mai yoyo ya yi wa masu lafiya limanci. Dattijon ya san wannan tun yana ɗalibi, amma bai taɓa ɗora shi a kan kansa ba. Ya koma jam'i a sahun baya, limanci kuwa ya bar wa wani.

Wata na 5 zuwa na 9

Azumi ya shigo a wata na 5. Da shawarar likitan suga ya yi azuminsa. Da rana yoyon ya ragu sosai, bayan shan ruwa kuma ya dawo, musamman a tsayuwar tarawihi. Awon wannan wata bai zama abin dogaro ba, ga azumi ga gumin bazara da ke ƙara wa famfas nauyi, don haka likitan ya ajiye shi gefe.

A wata na 6 awon ya nuna giram 120. Ya bar famfas ya koma ƙunzugun maza, uku a yini. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 83, HbA1c 7.3, PSA har yanzu ba a ganin sa. A wannan zama aka yi masa bayanin tiyata ta biyu, domin ƙa'idar likitocin mafitsara ita ce a fara tunaninta daga wata shida in babu ci gaba, a miƙa ta a shekara guda. Hanya biyu ce: majanyin roba da ake ɗaure wa bututun daga ƙasa, ko zoben roba mai famfo a cikin jakar maraina, wanda F. Brantley Scott ya fara dasawa a farkon shekarun 1970. Tunda awon na sauka, aka ce a jira.

Wata na 7 da na 8 abin ya tsaya cik, tsakanin giram 90 da 100, har gwiwarsa ta fara sanyi. Likitan fisiyo ya mai da atisayen cikin aiki: matsewa yana tafiya, yana hawa mataki, yana ɗaukar buta cike da ruwa, yana tashi daga tabarma. A wata na 9 awon ya faɗo zuwa giram 25, ƙunzugu ɗaya a yini.

Wata na 12 da na 18

A shekara guda awon bai kai giram 10 ba. Yana sa ƙunzugu siriri ranar Juma'a da ranar tafiya kawai. A ma'anar da yawancin bincike ke amfani da ita, wato babu ƙunzugu ko ɗaya na ko-ta-kwana, ya shiga sahun masu riƙe fitsari. Ya koma jan salla.

Mazakuta ta fi jinkiri. Ba a ga motsi ba sai wajen wata na 10. A wata na 14, da taimakon tadalafil, maganin ƙarfin gaba, ya samu miƙewar da ta isa saduwa, ko da yake ba kamar da ba. Maniyyi ba ya fita, domin an cire furostet da jakunkunan da ke tara ruwan, haihuwa ta hanyar da aka saba kuma ta ƙare. An gaya masa wannan kafin aiki.

A wata na 18 ya daina sa komai. Yakan ga ɗigo in ya ɗaga abu mai nauyi ko mura ta kama shi. PSA ƙasa da 0.1.

Hukunci

Tambayar ita ce me barin jijiya ya yi wa fitsarin wannan mutum. Lamari guda ba ya yanke wannan, amma ya zauna daidai da abin da manyan bincike suka nuna. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike masu yawa, ƙarƙashin Fairleigh Reeves, ya samu cewa barin jijiyoyi yana sa a riƙe fitsari da wuri, a cikin wata shida na farko, amma a shekara ɗaya da biyu bambancin ba ya fitowa fili. Binciken LAPPRO na Suwidin a shekarar kuma ya samu cewa gwargwadon abin da aka bari na damin, gwargwadon riƙewa a shekara guda. Saɓanin bai ƙare ba har yanzu.

Wanda ya fi haska lamarin nan shi ne na asibitin Martini-Klinik da ke Hambug a Jamus, a 2016. A can sukan ɓare damin a tsanake, su gwada bakin yankan nan take mutum na kan gado, in an ga kansa sai su koma su yanke damin. Waɗanda aka koma aka yanke wa sun yi jinkirin riƙe fitsari a farko, amma a shekara guda sun kamo waɗanda aka bar wa, sun kuma fi waɗanda tun farko aka yi wa yankan faɗi. Fahimtar masu binciken ita ce tsanakin da likita ke yi a ƙarshen furostet, kusa da zoben, shi ke ceton fitsari a ƙarshe, jijiyar kuma tana gaggauta zuwan ranar. A ganina haka ta faru a nan. Rashin damin dama, da shekara 61, da ƙiba, da suga, su suka sa ya fara daga nesa. Bututu mai milimita 13 da aka bari da tsawonsa, da zoben da ba a lahanta ba, su suka sa ya iso. Nazarin Sean Mungovan na 2017 ya nuna kowane ƙarin milimita a tsawon wannan bututu yana ƙara damar warkewa, kuma awon yana nan a takardar MRI tun kafin aiki, da an karanta masa shi da ya san inda ya tsaya.

Yanke damin dama daidai ne. Kansar ta riga ta huda fata a wurin, kuma bakin yankan ya fita da tsabta saboda an yanke da faɗi.

Rabon atisaye a cikin warkewar ya fi wuyar aunawa. Babban gwajin MAPS na Birtaniya a 2011 bai ga bambanci a shekara guda ba tsakanin waɗanda aka koya wa atisaye ido da ido da waɗanda aka bar su da shawarar da aka saba bayarwa, kuma wata na 4 zuwa na 9 lokaci ne da jijiyar da aka ja take farfaɗowa da kanta. Ba za a ce fisiyo ne kaɗai ya sauko da giram 310 zuwa 120 ba, tunda a lokaci guda aka kashe ƙwayar cuta, aka gyara suga, aka dawo da ruwa, aka ajiye goro. Abin da ke tabbas shi ne atisayen da yake yi kafin nan ƙara masa zuba yake, kuma an gan shi a allo.

Wata uku na farko su ne asarar da za a iya kaucewa, kuma ba wuƙar likita ce ta jawo ta ba. An yi aikin a wata ƙasa, an dawo da shi ba tare da an haɗa shi da likitan da zai bi shi a gida ba, bayanin da ya fi muhimmanci ya bi ta bakin ɗa mai son kwantar wa mahaifinsa hankali, kuma babu wanda ya tambaye shi yadda yake salla. Duk gwajin da ya gyara tafiyar a wata na 4 ana iya yin sa a mako na 6, a asibitin da ke jiharsa.

Saboda kansar ta huda fata, haɗarin dawowarta ya fi na wanda tasa ta tsaya a ciki. Yana gwajin PSA duk wata shida. In ya kai 0.2 aka maimaita ya tabbata, za a yi maganar gashi, kuma an riga an sanar da shi cewa gashi bayan tiyata yana iya dawo da wani sashe na yoyon.